Ɗumin Motar Yaya

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin abin da ke damuna ba mai jira ba ne. A kan teburin guga nake rubuta miki wannan. Na fara na yage, na sake farawa, don duk yadda na juya maganar sai in ga kamar ƙarar mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri nake kawowa. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye-zagaye. Haka bakina yake, maigidana ma cewa yake in na ɗauko labari sai shayi ya huce ban kai tsakiya ba.

Ni da maigidana shagon wanki da guga gare mu. Shi ke kula da injinan wanki da kai wa mutane kayansu, ni kuma ina tsaye a kan guga tun safe. Mahaifiyata, Inna, tana zaune tare da mu tun da ciwon suga ya taɓa mata ƙoda. Yanzu wankin ƙoda ake yi mata a asibiti, kuma duk wanda ya san ciwon nan ya san ba a tsallake rana. In aka tsallake sai fuskarta ta kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ta kasa kwanciya sai dai a jingine. Mu kuwa ba mu da mota. Babur ɗin kai kaya ne kawai, shi kuma ba abin ɗora Inna ba ne.

Motar da muke zuwa da ita ta Yaya ce, wan maigidana. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Shi ya riƙe maigidana tun rasuwar iyayensu, shi ya sa shi a makaranta, shi ya tsaya masa a komai har ya zama mutum. Tsohon direban manyan motoci ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanya kafin ido ya fara ba shi matsala aka ce ya huta. Wannan ƙaramar motar ita ce ta rage masa, ko da yake shi kansa ba ya fita da ita yanzu sai ɗan zagayen unguwa. Gwaggo, in kin ga yadda yake goge ta sai kin yi dariya. Matarsa tsokanarsa take yi, wai da mota tana cin abinci da ita za a fara zuba wa. Ko 'ya'yan cikinsa ba ya ba su makullin. Amma ranar da ya ji halin da Inna ke ciki, da ƙafarsa ya tako har shago ya ajiye makullin a kan teburina, ya ce uwata uwarsa ce, kada ya sake jin an tsaya da ita a bakin titi ana jiran motar haya. Na yi kuka a gabansa ranar, ko kunyar surukuta ban ji ba. Uwata ce fa, ba tasu ba, babu wanda zai zarge shi da ya kau da kai.

To, watannin baya sai wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a allon da ke gaban direba, mai siffar inji, wadda ake ce wa cek. Inna a gaba take zama, don baya na sa ta tashin zuciya, kuma kujerar gaba tana kwantawa. Ita ta fara ganin fitilar. Inna dama mace ce mai tsoro, ciwo kuma ya ƙara mata. Muna dawowa ta ce ita kam ta gama shiga motar da ke kunna fitila da rana tsaka, wannan ba alamar alheri ba ce. Da maganar ta kai kunnen Yaya dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai motocin zamani matsorata ne, ko ƙuda ya sauka a kan inji sai sun kai ƙara, shi ya tuƙa motocin da ba su da fitilar gargaɗi ko ɗaya sai kunnen direba. Ya buɗe gaban motar ya cire kan batir, ya ɗan jira, ya mayar. Fitila ta mutu. Bayan kwana biyu ta dawo, sai ya je ya sayo wata 'yar na'ura mai igiya da ake soka ta a ƙarƙashin sitiyari, a danna maɓalli, allo ya yi tas. Inna ta yi ta sa masa albarka. Ni ma na ji daɗi, don a tunanina gyara ke nan aka yi.

Tun daga nan abin ya zama aikin Yaya na duk ranar asibiti. Da safe zai fito da tsumma a kafaɗa, ya goge motar, ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, sannan ya durƙusa a bakin ƙofar direba da waɗannan gwiwoyin nasa masu ciwo, ya soka na'urar, ya danna. Sai ya kira Inna ta leƙa da idonta ta ga babu fitila, sannan ta yarda a ɗaga ta a sa ta a ciki. Yana tsaye a bakin ƙofar gida yana ɗaga mana hannu har mu sha kwana. Kafin mu kai babban shatale-tale fitilar ta dawo. Maigidana har ya ƙware, hankici yake ajiyewa a aljihun gaba, tana kamawa ya shimfiɗa shi a kan wannan gefen na allon, wai rana ce ke kashe masa ido.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ki ba. Amma 'yan makonnin nan fitilar ta canza hali. Da can kamawa take ta tsaya cak, yanzu ƙiftawa take yi. Ta cikin hankicin ma ina hango ta daga kujerar baya, ta kawo ta ɗauke, ta kawo ta ɗauke, musamman in muka fara hawan gadar sama. A lokacin sai motar ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta riƙa fizga, maigidana ya take totur har ƙasa amma da kyar take jan jiki, na baya suna ta yi mana hon. Sai wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan na farko ke nan. Akwai na biyu da ke biyo bayansa, shi ne ya hana ni sukuni. Gwaggo, ni mai guga ce, hancina ya san bambancin auduga da ta sha zafi da roba da ta fara narkewa. Wannan warin roba ne, kuma daga cikin motar yake fitowa.

In mun dawo aka kashe ta a ƙarƙashin rumfar Yaya, sai ki ji ƙarƙashinta yana tas, tas, tas, ya daɗe bai yi shiru ba. 'Yar ciyawar da ke tsiro a wurin ta ƙone ta yi baƙi daidai tsakiya, gefe da gefe kuma tana nan kore shar. Kyanwar gidan da ta saba shigewa ƙarƙashin motar da zarar mun tsaya, yanzu can nesa take zama tana kallonta.

Ga kuma inda abin ya fi ci mini rai. Inna in ta fito daga wankin nan sanyi take ji, ko ana zabga rana sai ki ga haƙoranta suna haɗuwa. Ƙafafunta kuwa sugan ya daɗe da kashe su. Akwai ranar da ta wuni da murfin kwalba a cikin takalminta ba ta sani ba. To wata rana muna hanyar dawowa sai na ga ta zare silifas ɗinta, ta miƙe ƙafafunta da safa a kan shimfiɗar roba ta wajen giya, ta yi wata irin ajiyar zuciya. Ta ce alhamdu lillahi, ashe motar Yaya ɗumi gare ta. Wai nan ne kaɗai wurin da take tunawa tana da ƙafafu. Tun daga ranar ɗokin hanyar dawowa take yi. Tana shiga za ta zare takalmi, ta nemo wurin da ƙafarta, ta lumshe ido, kafin mu hau gada ta yi barci da murmushi a fuskarta. Rabon da in ga Inna tana jin daɗin wani abu har na manta. Da ta gaya wa Yaya, bakinsa ya ƙi rufuwa, ya ce ai Inna ta fi mu sanin mota mai kyau.

Ranar asibitin da ta wuce ne na ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wurin ajiye motoci na asibitin a ƙasan gini yake, ko da rana duhu-duhu ne. Mun iso, maigidana ya tafi ɗauko keken marasa lafiya, ni ina gyara wa Inna mayafi sai carbinta ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin motar. Na durƙusa in ɗauko. Zafi ne ya fara dukan fuskata kamar na buɗe tanda. Da na leƙa sai na ga wani abu kamar 'yar tukunya a jikin salansa, ya yi jajir kamar garwashi, kuma daidai ƙarƙashin inda Inna ke ajiye ƙafafunta yake. Innalillahi! Na janyo carbin na miƙe na ba Inna kamar ba komai, don tana kallona. Duk tsawon zaman da aka yi ana yi mata wankin ina kan benci ina tunanin abin da na gani. Kuma a motar nan muka koma gida, to ya zan yi da ita a wannan galabaitar?

Da muka isa na zo ɗaukar silifas ɗinta sai na ji ɗaya ya ƙi tasowa. Gefensa ya narke ya manne da shimfiɗar, da na ja sai ya biyo kamar cingam. Na ɓoye shi a ƙarƙashin teburin guga, na ce mata ya tsinke ne. Da na zo wanke safarta kuma na ga tafin ya yi tauri yana ƙyalli, irin yadda yadin roba ke yi in dutsen guga ya lashe shi, ga wani tabo rawaya-rawaya a wajen dunduniya da ya ƙi jin sabulu. Na tambaye ta ko akwai abin da ke damunta a ƙafa, ta ce lafiyarta lau, ba ta jin komai. Inna da kunya, da kanta take wanka ko za ta wuni a banɗaki, da safa take kwana, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ƙafa. Sai na ƙyale ta.

Na san za ki ce me ya hana ni magana. Na taɓa yi, Gwaggo, na ga abin da ya biyo baya. Tun farkon fara ƙiftawar, na gaishe da Yaya, na ɗan lallaɓa na ce ko a kira makanike ya duba. Fuskarsa ta canza nan take. Ya tambaye ni ko motar ta taɓa barin mu a hanya, na ce a'a. Ya ce to shi da ya tsufa a kan sitiyari ne masu garejin yanzu za su koya wa mota, mutanen da ba su iya komai ba sai cire wannan a sa wancan? Ya karɓi makullin ya rataye a ƙusa. Bai ce kada mu ɗauka ba, amma wa zai iya miƙa hannu? Washegari a motar haya muka je, a cunkushe, ana taka mata ƙafa. A dawowa Inna ta yanke jiki ta faɗi a tasha tana amai, mutane suka taru ana yi mata fifita. Da Yaya ya ji labari ya shigo da jajayen idanu, ya durƙusa ya ba Inna haƙuri, ya maido da makullin, amma ya ja wa ƙanensa kunne cewa kada wani ya kuskura ya sa hannu a injin motarsa. Tun ranar bakina ya yi nauyi.

Maigidana na gaya masa abin da na gani a ƙarƙashin motar. Bai musa ba, ai shi ke tuƙi, ya fi ni jin yadda take yi. Ya dai share gumi, ya ce in bari ya nemi lokacin da ya dace. Na san lokacin nan ba zai zo ba. Mutumin nan da gemunsa da 'ya'yansa, amma in Yaya ya ɗaga ido ya dube shi sai ya kama sosa ƙeya. Wani lokaci haushi ya cika ni kamar in jefe shi da dutsen guga, wani lokaci kuma tausayinsa nake ji.

Yanzu ga sabuwa. An sanar da mu cewa daga mako mai zuwa za a mayar da su Inna sabon reshen asibitin da ke bayan gari. Na san hanyar. Doguwar hawa ce, manyan motoci ne ke bin ta, busasshiyar ciyawa ce hagu da dama, babu shago babu famfo. In gadar cikin gari tana sa motar nan haka, me wannan hawan zai yi mata? Fitar da Inna daga kujerar nan aikin mutum biyu ne, a hankali, ana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ko ina guga sai in riƙa lissafin yadda za mu fizgo ta in abu ya faru, kuma ko yaushe sai in ga ba za mu iya a kan lokaci ba. Shekaranjiya har rigar mutane na ƙona.

In na yi magana, ina tsoron makulli ya koma ƙusa, Inna ta rasa hanyar asibiti, in kuma ɓata tsakanin wa da ƙane. In na yi shiru, ina tsoron abin da ba na ma son furtawa. Wani lokaci kuma in ce ko ni ce nake zuzuta abin, tunda Yaya ya sha cewa kowace salansa zafi take yi, shi kuwa ya san mota, ni guga na sani. Kuma ta yaya zan dubi idon Inna in raba ta da ɗan ɗumin nan, abu ɗaya tak da take jin daɗinsa? Gwaggo, ki faɗa mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Taki,
'Yar Inna, daga bakin teburin guga

AMSAR GWAGGO

'Yata, na tsallake wasiƙun da suka riga taki zuwa don in amsa miki yau, masu su su yi mini afuwa. Ba zuzutawa kike yi ba. Kada Inna ta sake shiga motar nan, ke ma haka, maigidanki ma haka, har sai an gyara ta. Wannan shi ne farkon magana, sauran duk bayani ne.

Ni ba makanike ba ce, don haka na karanta wa masu sana'ar abin da kika rubuta, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Fitilar nan in ta kama ta tsaya, tana cewa ne akwai matsala, a duba ba da daɗewa ba. Wani lokaci ma abin bai taka kara ya karya ba, kamar murfin tankin mai da bai rufu da kyau ba. A nan Yaya yana da gaskiyarsa. Amma in ta fara ƙiftawa, ga karkarwa da fizga, to inji ne ba ya ƙona mai yadda ya kamata. Ɗanyen man sai ya bi ta salansa ya je ya ƙone a cikin tukunyar nan mai tace hayaƙi, wadda kika gani ta yi ja. Kowace salansa tana zafi, haka ne, amma mai lafiya ba ta zama garwashi, ba ta narkar da takalmi daga cikin mota. Irin wannan ke tayar da gobara, a kan hanya ko a inda aka ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa. Na'urar Yaya kuwa ba ta gyara komai. Goge saƙon take yi, inji ya sake aiko da shi, a sake gogewa.

Kada kuma wannan ya sa ki ga baƙin Yaya. Ki dube shi da kyau. Mutum ne da ido ya raba shi da sana'ar da ya sani, aka bar shi da tsumma da makulli. Durƙuson nan da yake yi duk safiya shi ne rabonsa a jinyar Inna, kuma don ya kwantar mata da hankali ya fara shi. Da kika ambaci makanike, abin da ya shiga kunnensa shi ne an ce ya tashi aiki. Kuskurensa babba ne, amma ba na mugunta ba ne. Mutumin da ya shigo da jajayen idanu don Inna ta faɗi a tasha ba zai so ta ƙone a motarsa ba. Bai ga abin da kika gani ba, idonsa ba ya kaiwa, ku kuma kun rufe masa sauran da shirunku.

Saboda haka ki fara da hanyar asibiti, tun kafin ki buɗe baki a gaban kowa, don tsoron rasa ta ne ya ɗaure miki harshe. Kada a tsallake wanki ko na rana ɗaya. Ki je wurin ma'aikatan jinya ki gaya musu ba ku da mota a 'yan kwanakin nan. Duk waɗanda ake yi wa wanki tare da Inna su ma sabon reshen za su koma, da wuya a rasa iyalin da ke da gurbi a motarsu, ko waɗanda za ku haɗu ku ɗauki shatar mota ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa. Abin da ya kayar da ita rannan cunkoso ne da tsayuwar tasha, waɗannan kuwa ana iya kauce musu.

In wannan ya samu, ku shiga wurin Yaya ku biyu, ke da maigidanki, ba a gaban Inna ba, ba a gaban 'ya'yansa ba. Ki gaya wa maigidanki na ce lokacin da yake nema ya yi, kuma girmama wa bai haɗa da barin sa ya ɗauki alhakin rai bai sani ba. Ku gaishe shi, ku yi godiya, kada ku fara da kalmar makanike. Ki ɗauko silifas ɗin nan daga ƙarƙashin tebur ki sa masa a hannu, ki bar yatsunsa su shafa inda ya narke, ki gaya masa a ina kika ɓamɓaro shi da abin da kika gani a ƙasan motar. Sannan ki tambaye shi, shi da ya san mota, me ke kawo haka. Tsohon direba ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Akwai kuma abin da zai fitar da shi kunya. Na'urar nan tasa ba don kashe fitila kawai aka yi ta ba, babban aikinta shi ne nuna lambar da ke faɗin inda matsalar take. Ku roƙe shi wannan karon ya soka ta ya karanto lambar, kada ya goge, maigidanki ya taya shi gani in rubutun ya yi masa ƙanana. Shi zai zaɓi makaniken da ya yarda da shi, shi zai miƙa masa lambar, shi zai tsaya a kansa har a gama. Makaniken ya zo gida ko a ja motar, kada a tuƙa ta zuwa gareji. Sau da yawa tushen irin wannan fulogi ne ko abin da ke ba shi wuta, ko da yake bayan wannan daɗewar mai yiwuwa tukunyar ma ta lalace. A duba har da farantin da ke tare zafi tsakanin salansa da ƙasan mota. In duk da haka ya yi fushi ya rataye makulli, ki bar shi a rataye, ki ci gaba da gaishe shi kamar kullum. Fushin Yaya zai huce, kin ga ya taɓa hucewa.

Ɗumin da Inna ke so kuma ba sai an raba ta da shi ba. Ki tanadar mata bargo mai laushi da safa mai kauri ta auduga don hanyar dawowa, ki gaya wa masu jinya irin sanyin da take ji. Amma ban da kwalbar ruwan zafi, ban da duk wani abu mai zafi a jikin ƙafarta.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki, wanda kika wuce shi a layi biyu. Hankalinki yana kan gobarar da kike tsoron za ta tashi a hanyar bayan gari. Ni nawa yana kan safar nan. Matar da ta wuni da murfin kwalba a takalmi ba ta sani ba, in har ta ce ta ji ɗumi, to wurin ba ɗumi ne da shi ba, wuta ce. Zafin da ya narkar da silifas ya lashe safa bai tsallake fatar da ke cikinta ba. Da ta ce miki ba ta jin komai gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne abin tsoron. Tabon da ya ƙi jin sabulu, ina kyautata zaton ba datti ba ne, ruwan ƙuna ne. Ƙuna a ƙafar mai suga ba ta jira, tana iya ci a ɓoye har ta kai inda likita zai fara maganar da ba ma so mu ji. Duk abin da kika gani, ko ƙuraje ne, ko ja, ko baƙi, kada ki fasa, kada ki shafa komai, ki rufe da tsumma mai tsabta ki kai ta asibiti yau, kada ki jira ranar wanki.

Allah ya ba Inna lafiya, ya saka wa Yaya da alheri, ya ba maigidanki ƙarfin hali, ke kuma ya yi miki albarka kamar yadda kike jinyar mahaifiyarki. Yanzu ki kashe dutsen gugar nan, ki wanke hannu, ki je ki zauna a gabanta inda akwai haske. Za ta ji kunya, za ta yi miki faɗa, ki ba ta haƙuri. Ki cire mata safar a hankali, in ta manne kada ki ja.

Gwaggonku